Mahaukaciyar guguwa da filayen tseren motoci a Amurka: me ke lalacewa, wa ke biya?

A ƙarshen shekarar 2017 wani hoto da aka ɗauka daga sama ya yi ta yawo a intanet. Motoci ne dubun-dubata, an jera su sahu-sahu kamar shanyar barkono, a wani makeken fili da ke Baytown, gabas da birnin Houston na jihar Texas. Wanda bai sani ba zai ɗauka kasuwar motoci ce. Filin tsere ne, motocin kuwa duk ruwan guguwar Harvey ya shanye su, kamfanonin inshora sun yanke cewa kuɗin gyaransu ya fi darajarsu.

To yaya aka yi filin tsere ya koma maƙabartar motoci? Me guguwa ke yi wa irin wannan wuri, kuma me take jawo wa mutanen da gidajensu ke kewaye da shi? Da an ce guguwa, abin da ke zuwa ran yawancinmu iska ce: kwano na shawagi, bishiyoyi kwance, ko rufin filin wasa na Tropicana, a jihar Florida, da guguwar Milton ta yayyaga a watan Oktoba na 2024. Iskar tana ɓarna, babu musu. Amma makomar filin tsere da ta maƙwabtansa ta fi rataya a kan abubuwa biyu da kyamara ba ta cika ɗauka ba, wato ruwa, da lissafin da mai fili ke zama ya yi bayan ruwan ya janye.

Tseren da ba ya kai daƙiƙa 4

Wannan ba irin tseren da ake zagaya fili sau hamsin ba ne. Amurkawa na kiransa dirag. Motoci biyu ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a kan miƙaƙƙen titi, fitilu su sauko daga ruwan ɗorawa zuwa kore, kowa ya taka wuta, wanda ya riga isa layi shi ya ci. Tsawon titin na asali rubu'in mil ne, wato mita 402, ko da yake ƙananan filaye da yawa a kudu maso gabashin ƙasar rabin haka suke gudu. Manyan motocin gasar NHRA, ƙungiyar da Wally Parks ya kafa a 1951, sun koma gudun mita 305 tun 2008, bayan hatsarin da ya kashe direba Scott Kalitta a filin Englishtown na jihar New Jersey. Injin irin waɗannan motoci ya kai ƙarfin doki 11,000. Suna cinye titin cikin ƙasa da daƙiƙa 4, kafin su kai layi gudunsu ya haura kilomita 530 a awa.

Sirrin abin a ƙasa yake. Tayoyin baya manya ne, sumul, ba su da zane ko ɗaya, don haka dole titin ne zai riƙe su. Kafin a fara tsere ma'aikata kan share titin tas, su fesa masa wani sinadari mai danƙo kamar gam, sannan tarakta ta riƙa jan tsofaffin tayoyi a kai tana goga roba har ya yi baƙi wuluk yana sheƙi. Wanda ya taka wurin tashi zai ji takalminsa na maƙalewa, wani ma sai ya ɗaga ƙafa ya bar takalmin a nan. A kan irin wannan daɓe yayyafi kaɗan ya isa a dakatar da komai. Ko raɓar dare ta sauka, an tashi ke nan. Wasan da ba ya jure raɓa ne aka kakkafa masa filaye a Florida da Texas da Louisiana da Carolina, inda guguwa ke zuwa da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Hadarin da ya wuce ta kanmu

Wani abu da ba kowa ya sani ba shi ne, yawancin manyan guguwoyin tekun Atlantika daga nahiyarmu suke samo asali. A lokacin damina akwai igiyoyin iska da ke ratsa yankin Sahel daga gabas zuwa yamma, kusan duk bayan kwana 3 zuwa 5, kuma da su hadarin da muke gani yana haɗowa daga gabas yake tafiya. Idan igiyar ta wuce Senegal ta faɗa teku, ta tarar da ruwa mai ɗumin da ya kai kimanin digiri 26 da rabi, sai ta fara shan tururi tana juyawa. Yawancinsu a hanya suke mutuwa. Kaɗan ke girma. Harvey na cikin waɗanda suka girma: ta bar gaɓar Afirka ta Yamma wajen tsakiyar Agusta 2017, ta afka wa Texas ranar 25 ga watan.

Lokacin guguwa a hukumance daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani wajen farkon Satumba. Ana kasa guguwa mataki 5. Mataki na 1 na farawa ne daga iska mai gudun kilomita 119 a awa, na 3 daga 178, na 5 daga 252. A nan mutane ke ruɗewa, domin ma'aunin iska kawai yake aunawa. Bai ce komai ba game da yawan ruwan sama, ko tumbatsar teku, wato ruwan da guguwa ke turowa ya hau tudu. Alhali yawancin waɗanda guguwa ke kashewa kai tsaye a Amurka ruwa ne ajalinsu.

Gundumar Manatee a Florida, inda filin Bradenton Motorsports Park yake, ta ga wannan da idonta a 2024. A watan Agusta guguwar Debby, 'yar mataki na 1, ta sauka can arewa, fiye da kilomita 200 daga gare su, amma ruwan da ta zubar ya cika unguwanni har sai da hukuma ta saki ruwa daga madatsar tafkin Manatee, wadda ba ta da nisa da filin. Ranar 26 ga Satumba Helene ta wuce ta gefen teku ta turo ruwa kan tsibiran gaɓa. Kwana 13 bayan nan Milton ta sauka a Siesta Key, a gundumar Sarasota da ke maƙwabtaka da su, da iska mai gudun kusan kilomita 195 a awa. Guguwa uku cikin wata uku, kowacce da irin nata ta'adin.

Abin da iska ke karyawa, da abin da ruwa ke ci a ɓoye

A filin tsere duk abin da ke tsaye abincin iska ne: allunan nuna sakamako da ke ƙarshen titi, dogayen turakun fitilu, bencunan 'yan kallo na alminiyom marasa nauyi, shinge, allunan talla, rufin hasumiyar alƙalai. Ɓarna ce mai ɗaukar ido, tana da tsada, amma ta maƙera da masu walda ce. Ana iya yin tsere da rana ba fitilu, ana iya hayar benci.

Ruwa kuwa ta ƙarƙashi yake bi. Ana gina filin dirag ne a shimfiɗaɗɗen wuri mai arha a bayan gari, domin bayan mita 402 na tsere ana bukatar wani titin da ya fi shi tsawo inda motoci za su rage gudu, ga wurin ajiye tireloli ɗaruruwa. A gaɓar tekun Mexico kuwa, fili shimfiɗaɗɗe mai arha sau da yawa ƙasa ce mai riƙe ruwa, wadda ba a yi nisa da haƙa ake tarar da shi ba. Idan ƙasa ta ƙoshi, ruwa kan riƙa tsatsowa ta tsagar kwalta ko ta mahaɗar kankare kwanaki bayan sama ta washe. Sai a ga rana tsaka, titi a bushe, amma ga wani ɗan danshi yana fitowa, a busar da shi ya dawo. Mota mai gudun kilomita 300 idan tayarta ɗaya ta taka wurin, katanga za ta nufa.

Idan kuma ambaliya ta hau titin, laka da yashi kan manne a jikin danƙon nan. Dole a kankare robar da aka daɗe ana tarawa a sake daga farko. Wayoyin na'urorin auna lokaci, waɗanda ke bambance mai nasara da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, a ƙarƙashin ƙasa suke bi, idan ruwan gishiri ya shige su tsatsa za ta ci gaba da cinsu a hankali. Mafi muni shi ne ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin titin ya bar kwari ko tudu. A titin gari wannan ɗan gargada ne da direba zai yi wa tsaki ya wuce. A nan kuwa yana nufin fasa kankare a sake zubawa.

Sai asarar kwanaki. Manyan gasa sun iya kaucewa: gasar Gatornationals da ake yi a garin Gainesville na Florida tun 1970 a watan Maris take, nesa da lokacin guguwa. Manyan tarukan Bradenton ma daga Disamba zuwa Maris suka fi yawa, wato guguwar Oktoba makonni kaɗan take bar wa masu filin su gyara. Amma ƙananan filaye, waɗanda su ne mafi rinjaye kuma galibi na iyali ne, da kuɗin ƙofa na kowane ƙarshen mako suke rayuwa. Abokan cinikinsu makanikai ne da direbobi da 'yan kwangila na yankin, mutanen da idan rufin gidansu ya tafi, kuɗin taya da man tsere shi za su fara yankewa. Ko filin ya buɗe da wuri, sai ya tarar babu masu zuwa.

Wa zai biya?

A Amurka inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Wannan sai mutum ya yanki wata daban, yawanci a ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya da aka kafa a 1968, wanda hukumar agajin gaggawa ta FEMA ke gudanarwa. Shi ma yana da iyaka: dala 250,000 ga ginin gida, dala 500,000 ga ginin kasuwanci. Ba ya kuma biyan abin da ke wajen gini, irin su shinge da daɓen waje. Mai filin tsere kuwa ainihin dukiyarsa a waje take, shimfiɗe a ƙasa. Abin da gwamnati ta fi bai wa 'yan kasuwa bayan bala'i rance ne mai sauƙin ruwa, rance kuma sai an biya.

Maƙwabci ma bai tsira ba. A Florida, idan ɓarnar ta guguwa ce, mai gida ke fara ɗaukar wani kaso kafin kamfani ya sa hannu, sau da yawa kashi 2 ko 5 cikin ɗari na darajar gidan. A misali, gidan da aka yi wa inshorar dala 300,000, kashi 5 na nufin dala 15,000 daga aljihun mai shi. Daga nan kuma a shiga jayayya: iska ce ta fara yaye rufi ruwa ya shiga, ko ruwa ne ya taso daga ƙasa? Amsar ita ke nuna kamfanin da zai biya, ko ma babu mai biya. Yawancin gidajen da Harvey ta cika da ruwa ba su da inshorar ambaliya.

Zaman doya da manja

Tun kafin guguwa, tsakanin filin dirag da maƙwabtansa ba a cika shan inuwa ɗaya ba. Ƙarar manyan motocin ana jinta daga kilomitoci, na kusa kuwa a ƙirji yake jinta. Labarin kusan iri ɗaya ne ko'ina: an gina fili a daji shekaru 40 ko 50 da suka wuce, gari ya yi ta faɗaɗa har ya cimma shi, sababbin zuwa suka fara kai ƙara. A Manatee an yi ta tayar da jijiyar wuya a 2022 da 2023 kan shirin gina dubban gidaje dab da filin Bradenton da maƙwabcinsa, filin tsere na Freedom Factory, masoya tsere suka cika zauren taron gunduma suna cewa masu sayen gidajen gobe su za su nemi a rufe filayen.

Guguwa tana ƙara wa wannan tsama sababbin ƙorafe-ƙorafe, kuma wasunsu na da tushe. Allon talla ko guntun benci da iska ta ɗauka ba ya tambayar iyakar fili kafin ya faɗa kan rufin wani. Filin tsere na ajiye gangunan mai, baƙin mai, da sinadarin danƙo, idan ambaliya ta bi ta kansu kwatamin unguwa da rijiyoyin burtsatse ne za su karɓa. Kwalta ba ta shan ruwa, duk abin da ya zuba a kanta gaba yake yi.

Sai dai a ganina wannan batu na ƙarshe an fi ƙarfin filin da shi. Titin tsere siriri ne, mafi yawan ƙasar da ke kewaye da shi ciyawa ce da ake ajiye motoci a kai ranar taro, sauran kwanaki tana shan ruwanta. Abin da ke maye gurbinsa idan an rufe shi, rukunin gidaje ko manyan sito-sito na kamfanoni, ya fi shi rufe ƙasa nesa ba kusa ba. Maƙwabcin da ya yi murnar rabuwa da ƙarar daren Asabar yana iya samun tireloli dare da rana, da ƙarin ruwa a ƙofar gidansa. Masu filayen kuma na da tsohuwar hujjarsu, wadda a kanta aka kafa NHRA tun farko: idan babu filin, samari a titin gari za su gwada motocinsu.

Ranar da filin ke zama mafaka

Abubuwan da ke sa filin tsere ya dami maƙwabta, wato faɗi, manyan ƙofofi, janaretoci, banɗakuna masu ɗaukar dubban mutane, su ne kuma ke sa a neme shi ranar wuya. A guguwar Irma ta 2017, da Florence ta 2018, da wasu bayansu, manyan filaye irin na Charlotte da Atlanta da Bristol da Talladega sun buɗe sansanoninsu kyauta ga masu gudun guguwa. Na Charlotte da na Bristol kowannensu na da titin dirag a harabarsa.

Helene ta 2024 ce ta fi fito da wannan fili. Ta sauka a Florida, amma inda ta fi kisa shi ne tsaunukan Carolina ta Arewa, ta kuma afka wa gabashin Tennessee, ɗaruruwan kilomitoci daga teku, wuraren da mutane ba su taɓa sa kansu cikin lissafin guguwa ba. Sama da mutum 200 suka mutu, fiye da 100 daga ciki a Carolina ta Arewa. A garin Erwin na Tennessee sai da jirage masu saukar ungulu suka kwashe sama da mutum 50 daga kan rufin asibiti. Filin Bristol ya zama cibiyar tattara kayan agaji ta yankin. Garrett Mitchell, mai Freedom Factory, wanda aka fi sani da Cleetus McFarland a YouTube, ya ɗauki nasa jirgin ya shiga kai kaya da kwaso mutanen da hanyoyinsu suka yanke. Mako biyu bayan haka Milton ta nufo gundumarsa.

Baytown, da hanyar da motocin ke bi

Mu koma kan hoton nan. Ma'aunin ruwan sama na Cedar Bayou, kusa da Baytown, ya nuna milimita 1,318 a 'yan kwanakin Harvey, ya ninka abin da Yamai ke samu a shekara guda fiye da sau biyu. Motoci masu inshora sama da 400,000 suka lalace. Kamfanonin gwanjo na bukatar wurin jibge su cikin gaggawa, ga kuma fili shimfiɗaɗɗe, da shinge, da ƙofofin da tirela ke shiga. Filin, wanda a lokacin ake kira Royal Purple Raceway, ya soke sauran tserensa na shekarar ya ba kamfanin gwanjon motoci na Copart haya. Ya dawo aiki a 2018.

Faɗuwar wani tashin wani, amma darasin da masu filaye suka ɗauka ya wuce na shekara guda: ƙasar tana iya kawo kuɗi ba tare da an kunna fitila ko an biya ma'aikacin motar asibiti ba. A watan Janairun 2018 filin Englishtown, bayan fiye da shekara 50, ya daina tseren dirag, aka ba wani kamfanin gwanjon motocin inshora wurin. Na Baytown ya yi gasarsa ta NHRA ta ƙarshe a 2022, ƙasar ta koma hannun Katoen Natie, kamfanin sito da jigilar kaya na ƙasar Beljiyam. Ba guguwa ce ta rufe ko ɗaya daga cikinsu ba, tsadar ƙasa ce. Amma mai filin da ke kallon takardar gyara a hannu ɗaya da tayin mai saye a ɗaya hannun, guguwa na sauƙaƙa masa yanke shawara.

Ga maƙwabta, zama kusa da dubban matattun motoci na da nasa haɗarin. Mai da ruwan batir na ɗiga a ƙasa. Bayan guguwar Ian ta 2022 an ga wani sabon abu a Florida, inda motocin lantarki da ruwan gishiri ya shiga batirinsu suka riƙa kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye, wutar da ke da wuyar kashewa.

Motocin ba a nan suke ƙarewa ba. Ana buga musu takardar shaidar cewa sun lalace, a sa su gwanjo ta intanet. Wasu a farfasa su a sayar da kayan gyara, wasu a gyara, da yawa kuma dillalai su saya su loda a jirgin ruwa. Afirka ta Yamma na cikin manyan kasuwannin tsofaffin motocin Amurka, ta tashoshin Legas da Kwatano, daga nan su hauro arewa. Motar da ta sha ruwa ta fi wadda ta yi hatsari wuyar ganewa, domin jikinta lafiya lau, fenti na sheƙi. Ciwon na cikin wayoyi da ƙwaƙwalwar mota, sai bayan watanni gilashi ya ƙi sauka, fitilun gaban direba su riƙa kamawa ba dalili, giya ta fara wasa. Makanikan da suka san aikinsu kan ɗaga kafet su shinshina, su leƙa ramin safaya ko akwai busasshiyar laka, su duba ƙusoshin ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, su ja bel ɗin kujera har ƙarshe su ga ko akwai layin da ruwa ya tsaya. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 kuma, idan aka bincika ta a intanet, sau da yawa har hoton motar take fitarwa tana tsaye a filin gwanjo, da ranar da aka sayar da ita.